Yadda fim ɗinmu na minti 15 ya dawo minti 3

Takardar da Malam ya sa na yi lissafi a kanta har yau tana cikin jakar ordinater ɗina, duk ta ninke ta yi dauɗa, amma lambar da na rubuta da jan bik tana nan ba ta goge ba, 10,800. Yawan zanen da fim ɗinmu zai ci ke nan da mun yi shi yadda muka so tun farko. Ranar da na ga lambar nan wata biyu ke nan da fara aikin, kuma ko sakan ɗaya mai motsi ba mu da shi a hannu.

Mu huɗu ne a gurup, 'yan shekarar ƙarshe, a watan Nuwamba aka ba mu aikin kammala karatu aka ce mu kawo ƙarshen Mayu, ɗan gajeren fim na zane mai motsi, abin da tun muna yara muke ce ma desan anime. Ni na rubuta labari kuma ni aka ɗora ma jagoranci. Akwai abokina da muka taso tare a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, shi ne mai hannu a cikinmu, tun firamare yake zana dawakin sarki a bayan kaye. Akwai wata 'yar Zango da Allah ya ba ido a kan launi da zanen wuri, gidaje, lungu, sararin sama, sai na huɗunmu ɗan wani ƙauye ta wajen Miriya wanda ya ɗauki sauti da haɗa fim. Kayan aikinmu ordinater biyu ne, tawa mai RAM giga 4, ta abokina giga 8, sai allon zane na lantarki guda ɗaya tak da muka haɗa kuɗi aka sayo mana daga Kano.

Labarin da na rubuta babba ne, kuma har yanzu ina son shi. Tarihin Damagaram nake so mu yi. In ka tashi a Birni ba yadda za a yi abin nan bai shige ka ba, kullum kana wuce ƙofar fada kana ganin dogarai, kana hawa duwatsu, ana nuna maka ga inda ganuwa ta bi. Na tsara mu fara da zamanin Sarki Tanimu wanda ya ɗaga ganuwa ya sa aka ƙera igwa a garin nan, a ga ayarin raƙuma suna sauka a Zango daga arewa, sannan a zo kan Amadu Kuran Daga da kashe kaftin ɗin Faransa Kazmaju a 1898, da yaƙin Tirmini a 1899, a rufe da hawan salla na yau, dawaki sun sha kwalliya kakaki da algaita suna tashi. Minti 15. Ranar da na karanta ma 'yan gurup sai da tsikar jikin kowa ta tashi, ba wanda ya ce anya, kuma ban ga laifin kowa ba don lokacin ba mu san da me ake auna fim ɗin zane ba, mu da shafi muke aunawa, muna ganin shafi 9 ba wani abu ba ne a wata shida.

Nuwamba da Disamba ba zama muka yi ba fa, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tausayinmu in na tuna. Kullum muna aiki. Abokina ya zana fuskar Sarki Tanimu ta fi sau talatin, muna musu a kan naɗin rawani, 'yar Zango ta bi lungu-lungu da salula tana ɗaukar hoton zanen bangon gidaje, ni kuma duk kuɗin da na samu sai in sa konekson in kwana kallon darasi a YouTube, yau in ce da manhajar Blender za mu yi zanen gobe in ce a'a OpenToonz jibi in dawo kan Krita. Mun gaji ƙwarai, kuma gajiyar ce ta rufe mana ido, mutum in yana gajiya kullum sai ya ɗauka gaba yake yi.

Tsakiyar Janairu muka kai ma Malam abin da muka tara. Ya duba zanen ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, har ya tsaya a kan wani doki ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, to ku nuna mini abin da ke motsi.

Na ce Malam ba mu kai nan ba tukuna.

Ya ce sakan ɗaya zane nawa ne? Na ce fim da hoto 24 yake gudu a sakan, amma masu zanen hannu suna barin zane ɗaya ya zauna a hoto biyu, ya zama zane 12. Ya ce madalla ka karanta, ɗauki bik. Minti 15 sakan 900 ne, sau 12, shi ne 10,800 ɗin nan, kuma wannan in mutum ɗaya ne ke motsi a allo, ba dawaki ashirin da mahayansu ba. Bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi ku je ku yi sati ɗaya kuna zana abu guda mai sauƙi, daga zanen farko har layi har launi, kar ku ƙara ƙoƙari a kan yadda kuka saba, kar ku fasa zuwa aji, kar ku fasa aiken gida, ranar Litinin ku zo mini da yawan abin da kuka gama. Da za mu fita ya tuna mana da Mustafa Alasan, ɗan ƙasar nan Nijar da ya rasu a 2015, wanda ake sa shi cikin na farko-farkon masu fim ɗin zane a Afirka, ya ce fim ɗinsa na kwaɗi na 1966 wajen minti 5 ne kacal kuma har yau ana nuna shi a duniya.

Satin gwajin nan shi ne ainihin farkon aikinmu. Mu uku masu zane, don ɗan Miriya ba ya zane, muka gama zane 120 da ɗan ɗoriya. Na raba 10,800 da 120 ya ba ni sati 90. Kusan shekara biyu. Mu kuma sati 19 ya rage mana, kuma da na zauna da kalanda na ga 19 ɗin ma ba namu ba ne duka: sati 2 na jarrabawa, azumin 2025 zai kama farkon Maris na san aikin wata ɗaya zai dawo na sati 2, satin salla ba wanda zai taɓa komai, sati 2 na ƙarshe kuma na haɗawa ne da sauti. Saura 12. Sati 12 sau 120 zane 1,440, wato sakan 120. Minti 2 ke nan abin da hannunmu zai iya, in ba wanda ya yi ko ciwon kai.

Daren nan ban yi barci ba wallahi. Abin da ya fi yi mini ciwo hawan salla ne, don saboda shi na fara rubuta labarin, ina jin ƙarar kofato a kaina tun kafin in rubuta kalma ɗaya. Amma doki ƙafa huɗu gare shi, kowace da lokacin da take taɓa ƙasa, ga wuya ga wutsiya ga kayan ado suna lilo ga rigar mahayi tana kaɗawa, abokina da ya fi kowa iya doki a tsaye ya gwada sukuwa ta sakan 2 ta ci mishi kwana biyar kuma ba ta zauna ba.

Da farko mun so mu matse tarihin ne ya shiga minti 3, muka gwada a takarda sai ya zama kamar ana karanta sunayen sarakuna da gudu, ba rai. 'Yar Zango ce ta kawo mafita. Ta ce tunda tarihin nan duk a bakin tsofaffi muka ji shi, mu bar shi a bakin tsohuwa mana. Sai labari ya koma haka: yarinya ce ta fito da sassafe da kura da bido huɗu masu ruwan ɗorawa za ta neman ruwa, abin da duk ɗan Damagaram ya sani ba sai an yi mishi bayani ba, tana tafe ta lungunan Birni muryar kakarta tana ba ta labarin wuraren da take wucewa, in ta zo gindin tsohon bango sai kamara ta shiga cikin zanen bangon a ga Sarki, a ga ayari, a ga yaƙi, amma duk a tsaye kamar yadda magina ke zana su, kamara ce kawai ke tafiya a hankali a kansu. Da farko jaki muka ba yarinyar, abokina ya ɗaga yatsu huɗu bai ce komai ba, muka maida shi kura.

Wannan canji ya rage aiki ta hanyoyin da sai daga baya na gane girmansu. Tunda murya daga waje take zuwa ba sai mun zana baki yana magana ba, wanda shi kaɗai aiki ne mai cin rai, kowane harafi da siffar leɓensa. Tafiyar yarinya zane 12 ne na taku biyu, sai a yi ta maimaita su bango yana wucewa a baya. Hotunan tarihi zane ɗaya ɗaya ne mai kyau yana ɗaukar sakan 6 ko 7. Da haka minti 2 ɗinmu ya miƙe ya kai 3.

Abu na biyu da Malam ya tilasta mana, kuma da mun so mu tsallake don muna ganin ɓata lokaci ne, shi ne animatik. Ka zana kowane pilan, wato kowane yanki da kamara ke nunawa kafin a yanke zuwa wani, zanen gaggawa na minti biyu ko da da'ira da sanda ne, ka jera su a kan murya kowane da tsawon sakan ɗinsa, ka kalla kamar fim. Don haka dole murya ta riga komai. Kakata muka ɗauka. Da na faɗa mata ta ce kai maigida, ni za ka sa a telebijin da tsufana? Na ce Kaka murya kawai. Mun gwada da rana ba ta yiwu ba, kabu-kabu, masu talla, injin niƙa, sai muka koma bayan sallar asuba a ƙuryar ɗakinta, ɗan Miriya ya jingina katifa a ƙofa ya rataya bargo a taga, ya riƙe salula kamar taki ɗaya daga bakinta. Zakaran maƙwabta ya shiga sau uku, na ukun muka bar shi don ya dace da safiya. Ba ta karanta abin da na rubuta ba, na faɗa mata abin da ake so ta faɗe shi da bakinta, kuma nata ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ɗan Miriya ya gyara a manhajar sauti ta Audacity ya yanke tari da dogon shiru, ya fito minti 3 da sakan 40.

Da muka kalli animatik ɗin farko nan take muka ga wurare biyu da labari ke jan ƙafa, muka cire pilan 6 a zama ɗaya. Kwana huɗu animatik ya ci mana, pilan 6 ɗin nan kuwa da mun zana su da gaske sun ci sati uku. Saura pilan 34.

Na samu babbar takarda irin ta kwali na manna a bangon ɗakina, layi 34, kowane pilan da lambarsa, sakan nawa, zane nawa, wa zai yi, kwana nawa aka ba shi. Wanda ba a fara ba fari, wanda ake kai a ɗiga mishi ja, wanda aka gama a shafe shi da kore. Duk Juma'a bayan la'asar mu haɗu a gaban takardar mu ƙirga kore, daga nan a kwafe komai a wuri uku, ordinater biyu da wani tsohon disk da yayana ya ba ni. Muka tsaya a kan Krita muka daina neman wani abu. Tawa mai giga 4 in fayil ya yi tsawo sai ta sandare, shi ya sa kowane pilan fayil ɗinsa daban, muka kuma sauko da girman hoto daga 1920 da 1080 zuwa 1280 da 720, a allon aji ba mai gane bambanci. Allon zane ɗaya ba zai ishi mutum uku ba, sai wani kafinta a unguwa ya yi mana akwati da gilashi a sama muka sa fitilar caji a ciki, ni a takarda nake zane in ɗora sabuwa a kan tsohuwa ina hango ta ƙasa, in ɗauka da salula da muka ɗaure a jikin kujera don kar ta gusa, su kuma su bi layi su sa launi.

Matsala ta farko daga wurina ta fito. Cikin Fabrairu da na ga kore ya fara yawa sai raina ya koma kan doki, na zo taron Juma'a na ce sakan 3 kawai, doki ɗaya ya ratsa allo lokacin da Kaka ta ambaci hawa. 'Yar Zango ta ce to Yaya, nuna mana a takardar nan wanda za a cire a sa shi. Na tsaya ina kallon layukan ban ga ko ɗaya da zan iya taɓawa ba. Daga ranar ya zama doka, duk mai son ƙara abu sai ya faɗi abin da zai fita, kuma ni dokar ta fara kamawa. Dokin yana cikin fim ɗin, a tsaye, ya ɗaga ƙafafun gaba, zane ɗaya.

Ta biyu ta fi wuya don ta taɓa abota. Pilan na 11, inda yarinya ke ɗaga bido ta ɗora a kura, sakan 5 ne, zane 60, an ba shi kwana 6. Abokina ya kwana 16 a kai. Kullum in na tambaya sai ya ce kafaɗar ba ta yi ba, nauyin bai fito ba, ya goge ya sake. Kuma gaskiya yake faɗa, ba ta yi ba ɗin, shi yana ganin abin da mu ba ma gani. Amma wasu pilan guda 4 na jiransa, kuma allon zane yana hannunsa. Na rasa yadda zan faɗa mishi a gaban mutane, sai na bari dare ya yi a fadarmu ta samari bayan an sha shayi na biyu kowa ya watse, na ce ɗan'uwa in muka tafi a haka ranar sutunans, wato ranar kare aiki a gaban malamai, pilan na 11 kawai za mu nuna. Ya yi shiru ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce shi ba zai iya sa sunansa a kan abin da ya san bai yi kyau ba. Na gane shi sarai, don ni ma haka na ji da doki. Abin da muka daidaita a kai shi ne kowane pilan in kwanansa ya cika a karɓe shi yadda yake, gyara sau ɗaya tak, wanda aka shafa ma kore ba a sake buɗe shi, shi kuma pilan na ƙarshe, inda ruwa ke zubowa daga pampo ya fantsama a fuskar yarinya, nasa ne ya yi yadda ransa ke so ba mai ƙirga mishi kwana, amma sai an gama sauran. Kwana biyu yana ɗan ja baya da ni, a na uku ya kawo pilan na 12 da na 13 tare.

Azumi ya zo da zafi. Da rana ba mai iya riƙe fensir, ga kuran yana zuwa yana tafiya, ordinater kuma in ta yi zafi sai fanka ta yi ta kuka har ta mutu da kanta, muka riƙa ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Mu maza muka maida aiki bayan asham har kusan sahur. 'Yar Zango ba ta fita da dare kuma da yamma tana madafa, sai muka raba yini biyu: da asuba ƙanenta ya zo da keke ya ɗauki ordinater da allo a cike da caji, ta yi launi daga safe zuwa azahar, kafin magariba ya dawo da su. Ban taɓa zaton tsarin zai yi aiki ba, amma a watan nan na'ura ɗaya ta yi aikin mutum biyu ba tare da kowa ya jira kowa ba, kuma mun gama fiye da rabin da na ƙiyasta.

Afrilu ne ya gwada mu. Zafi ya haura digiri 40, sannan a sati ɗaya abu biyu suka faɗo. Na kai kile USB wani shago a buga mini takarda, na dawo na sa a ordinater, duk fayil ya koma gajeriyar hanya, ƙwayar cuta ta shiga, kafin a wanke na'urar aikin da na yi tun Juma'a ya tafi. Kwana huɗu muka rasa, da ba don kwafin Juma'ar nan ba da wata uku ne. Ana cikin haka aka kira ɗan Miriya mahaifinsa ya kwanta, ya tafi gida, ba wanda ya isa ya ce mishi yaushe za ka dawo. Sati uku ya yi, Allah ya ba tsohon lafiya. Haɗa fim ya dawo kaina, na fara koyon Kdenlive, manhajar haɗa fim, daga farko, ma'ana hannu ɗaya ya ragu a zane.

Wannan karon ban jira Malam ba. Na tsaya gaban takarda na ƙirga fari, pilan 15, na ƙirga sati, ba za su shiga ba. Muka zauna mu uku muka sake kallon animatik muna tambayar kowane pilan, in babu kai labari zai karye? Guda 7 suka fita. Wanda ya fi zafi shi ne wucewar yarinya ta kasuwar Dole ranar Alhamis, 'yar Zango ta riga ta gama bangon wurin, rumfuna, tulin tabarmi, buhunan gero, ta kwana biyar a kai kuma ya yi kyau ƙwarai, amma kasuwa ba mutane ba kasuwa ba ce, mutane kuma motsi ne. Ita da bakinta ta ce a cire. Na ga idonta ya kawo ruwa ta juya tana gyara mayafi. Daga baya muka sa zanen a ƙarshe inda sunaye ke wucewa, ko ba komai an gan shi. Muryar Kaka ma sai da aka rage sakan 30, na zauna ina yanke maganar tsohuwa jimla jimla, kowace ina jin kamar a bar ta.

Fitar da fim daga na'ura ma ya koya mana nasa. Karo na farko na sa dogon pilan yana fita kai tsaye a bidiyo, batir ɗin tawa ya daɗe da lalacewa, aka ɗauke kuran saura kaɗan, komai ya tafi sai daga farko. Daga nan kowane pilan a jerin hotuna PNG muke fitar da shi, in ya tsaya a hoto na 40 in wuta ta dawo a tashi daga 41, sai a ƙarshe a haɗa. Ɗan Miriya ya dawo farkon Mayu ya rame, washegari ya tafi bakin pampo da salula ya ɗauko ƙarar bido in babu komai a ciki, da ƙararsa in ruwa ya fara shiga tana canzawa har ya cika, da kukan tayar kura. Wannan sautin shi ya ɗaure fim ɗin, wuraren da zanenmu ya yi rauni kunne ya rufe ma ido.

Kore na 26 ya shiga saura kwana 12. Abokina ya karɓi allo ya rufe kansa da pilan na ƙarshe kwana 8, sakan 4 ne, ruwa ya fito da ƙarfi ya bugi bakin bido ya watsu, yarinya ta runtse ido ta yi dariya ɗigo yana gangarowa ta haɓarta. A nan bai bar zane ya zauna sau biyu ba, 24 ya yi a kowane sakan. Da ya nuna mana ba wanda ya yi magana, 'yar Zango ta ce a sake, muka sake har sau biyar.

Pilan 27, minti 3 da sakan 10, zane 1,130 in an haɗa da hotunan da ke tsaye. Mun miƙa saura kwana biyu. Ranar sutunans ɗaya daga malaman ya tambaya me ya sa tarihin bai motsi, na ba shi amsa da lissafin, ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Malaminmu bai ce komai a zauren ba, sai a waje ya ce in bar mishi hoton takardar bango zai nuna ma 'yan baya.

Da daddare na kai ma Kaka a salula. Ta matso da ita kusa da ido, da ta ji muryarta ta rufe baki da gefen zane tana salati, ta kalla har ƙarshe ta ce a maido. A karo na biyu ta sa yatsa a allo daidai pilan na 11 ta ce maigida, bidon nan ba ruwa a ciki, wadda ta ɗauki cikakken bido ba haka take miƙewa ba, sai ta fara kai shi gwiwa tukuna. Na kira abokina a take na faɗa mishi, ya ce ai na faɗa maka, a gwiwa ne, kwana 16 ina neman abin a kafaɗa. Ya ce in turo mishi fayil ɗin, na ce allon yana Zango, ya ce gobe da safe zai biya ya karɓo.